Igiya Mai Harafi Biyu

Bayan isha'i, ajin manya na Asawase.
Bencin na 'yan firamare ne,
gwiwoyina har suna gaisawa da haɓata.
Shekara hamsin da uku, ni Sahabi mai gyaran takalmi,
na zo koyon Turanci da fensirin jikata.

Madam Afriyie ta rubuta da alli:
yaro ya fasa kwano.
Ta ce yau za mu juya jimlar nan
kamar waina a tanda.
Kwano ya dawo gaba, ya hau kujerar maigida,
a ajiye masa was a gefe, ɗan rakiya,
aikatau ya sa rigarsa ta uku.
Yaro kuwa a kai shi can ƙarshe,
a ɗaure shi da by,
'yar igiya mai harafi biyu.
In kun ga dama, in ji ta, ku yanke igiyar.
Jimla ba za ta faɗi ba.
Kwano dai ya fashe, yaro ya tafi wasansa.

Na ce a raina, ashe tsohon sani ne ya sa kwat.
Mu a zango an muke ce masa.
An ƙara kuɗin trotro.
An cinye adashi.
An ce, an ce, har magana ta tsufa ba uba.

Bara aka liƙa takarda a rumfata, bakin Kejetia.
Na kai wa ɗan Fuseini ya karanta.
Ya ce, za a cire rumfar nan.
Na ce, wa zai cire?
Ya juya takardar, ya duba bayanta,
ya ce, Baba, ba a rubuta ba.
Da asuba na tarar da fili,
da gudumata, da takalmin wani ƙafa ɗaya, na hagu.
Na hau bene uku ina neman mai aikin.
An duba. An miƙa. Za a kira ka.
Kowane tebur da mutum a bayansa,
amma ba kowa a cikin jimlar.

Har na so in tsani darasin,
sai Inna Zulai ta faɗo mini a rai.
Ita da ba ta taɓa kiran sunan babanmu ba,
sai dai ta ji tari a zaure, ta ce, an dawo.
Ranar da na zari kuɗin ƙuli-ƙulinta,
ina gefenta, bakina duk mai,
ta kalli bango ta ce, an taɓa mini gwangwani.
Ba ta ƙara ba.
Ta yanke igiyar da hannunta,
ta rufe ni da jimla kamar da zane.
Ban sake ba har yau.

To, wuƙa ɗaya ce ke nan.
Wani ya ɓoye hannunsa da ita,
wata ta rufa wa ɗanta asiri.

Madam ta ce kowa ya kawo tasa ya juya.
Na rubuta, Inna ta rene ni.
Na juya, sai ga ni a gaba, ƙato,
ita can ƙarshen layi, bayan by,
inda ta saba tsayawa ko a hoton suna,
rabin fuska, hannu a kafaɗar wani.
Madam ta leƙo ta ce, daidai,
wannan ƙarshen ma kana iya share shi.
Na dafe littafin da tafina.
Na ce, Madam, wannan igiyar a bar ta.

Sai fitila ta mutu, fanka ta yi shiru.
Wani ya ce, an ɗauke wuta.
Daga bencin baya, cikin duhu,
Memuna mai koko ta ɗaga murya:
By wa?